Jan Murfi da Koren Murfi

A ɗakin gwajin jini na wani asibiti akwai wata ma'aikaciya da kowa ke kira Walƙiya. Aiki kam ta iya shi, wannan ko mai ƙinta ba zai musa ba. Jijiyar da nas uku suka nema suka rasa, ita tana ɗora yatsa sai ga jini. Aibinta guda ne, amma fa babba ne: ba ta san jira ba. In ta yi maka tambaya, kafin ka buɗe baki ta ba kanta amsa ta wuce. Shayi ma a tsaye take shan sa, rabi ya ƙona mata harshe, rabi ya huce a kan tebur ta manta da shi. Idan injin juya jini yana aiki, za ka gan ta tsaye a kansa tana ƙwanƙwasa murfinsa da biro, sai ka ce injin zai ji kunyarta ya ƙara gudu.

Shugaban ɗakin wani dattijo ne mai furfura, Baba suke ce masa. Shekara talatin ke nan yana kallon jinin mutane, kuma shi ya koya mata aiki tun tana sabuwa. Abu na farko da ya nuna mata 'yan kwalabe ne guda biyu, ɗaya mai jan murfi, ɗaya mai kore.

Mai jan murfi, in an zuba mata jini sai a ajiye ta rabin awa jinin ya daskare, sannan a juya a inji, wani ruwa fatsi-fatsi ya taso sama. Sunansa siram, kuma da shi suke yin gwaje-gwajen yau da kullum: suga, ƙoda, hanta da gishirin jiki. Mai koren murfi kuwa akwai maganin hana daskarewa a cikinta, nan take ake juya ta, ruwan da ya taso shi ne filazma. A ido ba ka raba su, sakamakonsu ma yawanci kusan ɗaya ne. Inda suke rabuwa shi ne a kan wani gishiri da ake kira fotashiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. In ya yi yawa a jiki zuciya ta tsaya, in ya yi kaɗan ma ta tsaya. To lokacin da jini ke daskarewa a jar kwalba, 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da shi sukan zubar da nasu fotashiyam ɗin cikin ruwan. A yawancin mutane ɗan kaɗan ne, bai taka kara ya karya ba. Amma mutumin da ƙwayoyin nan suka yi wa yawa, sai jar kwalba ta yi masa ƙage, ta ce gishirin ya hau alhali a jikinsa lafiya lau yake.

Saboda haka Baba ya kafa doka, ya rubuta ta a kwali ya manna a bango saitin injin: idan ja ta ce fotashiyam ya hau, a ɗebi sabon jini a kore a gwama su biyun kafin a ce an tabbatar. Walƙiya ta ga kwalin nan ya fi sau dubu, har idonta ya daina ganin sa.

Tana da wa guda ɗaya, kafinta. Tun da mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe gidan, da zarto da guduma ya yi mata karatu har ta sa farar riga. A gida Auta ake ce mata, shi kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Wata rana yana aikin rufi katako ya karye da shi, ya faɗo a kan cikinsa. Saifarsa ta fashe, aka shiga da shi tiyata aka cire ta. Allah ya taimaka aiki ya yi kyau. Sati biyu ya yi a kwance a hawa na uku, in ban da 'yar gudawa da ta dame shi kwana biyu babu wata matsala. Ranar da za a sallame shi likita ya ce a yi masa gwajin jini na ƙarshe, in komai daidai ne ya tafi gida.

Da sassafe Walƙiya ta haura, tana tsallake matakala bibbiyu. Ta tarar da shi zaune a bakin gado, ya sa takalmi tun tuni, matarsa tana ninke kaya a jaka.

"Yaya, miƙo hannu."

"Ko gaisuwa babu, Auta?"

"Ina kwana. Miƙo."

Matar Yaya ta yi dariya. "Wallahi ranar aurenki ma sai kin riga ango fita."

"Ku dai ku shirya. Kafin azahar kuna gida."

Yaya ya kalli hannunsa yana dunƙule shi yana buɗewa. "Kai, na gaji da kwanciya. Akwai ƙyauren da na bari rabi a shago, har mafarkinsa nake yi."

Ta ɗebi jinin a jar kwalba kamar yadda aka saba, ta sauko. Rabin awar nan ta daskarewa ta yi mata tsawon yini. Ta ɗaga kwalbar ta karkata ta, ta ajiye, ta goge teburin da ba shi da datti, ta sake ɗagawa. Da lokaci ya cika ta juya, ta ɗora a na'ura, ta tsaya tana kaɗa ƙafa.

Sakamako ya fara fitowa. Suga daidai. Ƙoda daidai. Hanta daidai. Fotashiyam shida da ɗigo takwas.

Na mai lafiya ba ya wuce biyar da 'yan kai, kuma ta san abin da shida da takwas ke yi wa zuciya. Ta sake ɗora kwalbar nan dai, ta danna maimaici. Shida da ɗigo takwas ya sake fitowa.

Baba yana rataya rigarsa ke nan zai tafi taron shugabannin sassa, ya ga fuskarta, ya matso ya leƙa.

"Na wa ne?"

"Na Yaya ne, Baba."

"Wanda aka cire wa saifa?" Ya gyara tabarau. "Ƙodarsa lafiya, to daga ina gishirin zai taru? Waɗanda aka cire wa saifa, ƙwayoyin daskarewa kan yi musu yawa a satin nan na biyu. Kira likita ki gaya masa abin da kika gani, ki ce ba mu tabbatar ba tukuna. Sannan ki ɗauki kore ki hau ki ɗebo sabo. Duka-duka minti ashirin ne."

"Baba, sau biyu na gwada."

"Kwalba ɗaya kika tambaya sau biyu, 'yata. Maƙaryaci in ka sake tambayarsa ai abin da ya faɗa ɗazu zai maimaita. Ki nemo shaida na biyu."

"To, Baba."

"To" ɗin nan a leɓe kawai ta tsaya. Baba na fita ta buɗe aljihun tebur, ba kore ko ɗaya, sun ƙare. Sababbin suna ɗakin ajiya a ƙasa, can ƙarshen baranda, sai an nemo mai makulli. Ta lissafa a ranta: sauka, nemo mai makulli, hawa uku, ɗibar jini, saukowa, juyawa. Tsoro ne ya kama ta, wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai ga laifin ƙanwa don ta ji tsoro. Amma tsoron ya tarar da halin da ya daɗe zaune, su biyun suka haɗa kai. Ta yage takardar sakamako ta haura da gudu.

Ta sami likitan a bakin ɗakin kwanciya yana rubutu a tsaye. Matashi ne, mai natsuwa. Ya duba takardar, ya ɗaga kai ya hango Yaya yana hira da maƙwabcin gadonsa har da dariya.

"Wannan mutumin ne mai shida da takwas? Bari mu duba zuciyarsa."

Aka jawo na'urar, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Walƙiya tana kai-komo tsakanin gado da taga. Likita ya duba doguwar takardar da ta fito daga farko har ƙarshe.

"Ban ga komai ba. Anya kuwa? An tabbatar da sakamakon nan?"

Nan ne fa, mai karatu, duk labarin ya rataya. Kalma huɗu kawai ake nema a bakinta: ba mu tabbatar ba. Amma ta san in ta faɗe su za a ce a jira.

"An tabbatar," in ji ta. "Da hannuna na maimaita. Likita, jira kake sai zuciyar ta nuna? Ai ka san wani lokaci ba ta nunawa sai ta tsaya."

Abin da ta faɗa na ƙarshe gaskiya ne, shi ya sa ya kama likitan. Kuma wa zai yi shakkar Walƙiya, ƙwararriya, a kan jinin ɗan'uwanta? Ya rubuta a fayil cewa ɗakin gwaji ya tabbatar, ya ba da umarni a fara maganin sauke fotashiyam: allura a cikin ƙarin ruwa, da wani magani da ake shaƙa ta hanci da baki.

Yaya ya cire takalminsa a hankali ya koma gado. "Auta, wai me ya faru? Ni fa garau nake ji na."

"Ka kwanta kawai, Yaya. Gara da muka gani da wuri."

"Allah ya yi miki albarka," in ji matarsa, idonta ya ciko. "Da yanzu mun tafi gida da ciwo ba mu sani ba."

Bayan awa guda likita ya ce a sake gwadawa a ga ko ya sauka. Ga dama ta biyu Allah ya kawo mata har gaban gado. Ta laluba aljihun farar rigarta, jajayen kwalabe ne guda uku a ciki. Kore har yanzu tana can ɗakin ajiya. Ta ce a ranta, wadda ke hannu ita ce mai sauri. Ta ɗeba a ja. Abin dariya abin takaici, sai ga ta tsaye rabin awa cur tana jiran jini ya daskare, alhali da ta sauka ta ɗauko kore da tuni ta gama. Sauri ya haifi nawa.

Shida da ɗigo ɗaya. Ta kira likita a waya, ba ta ko bari ya gama sallama ba.

"Bai sauka sosai ba. Shida da ɗaya."

"To, za mu ƙara masa zagaye na biyu."

Wajen ƙarfe ɗaya Baba ya dawo daga taro. Bai ko zauna ba ya tambaye ta, "Me kore ta ce?"

Ta hau gyara kwalaben da ke jere daidai.

"Magana nake miki."

"Babu kore a nan, Baba. Lokaci kuma..."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya buɗe sakamakon ƙidayar ƙwayoyin jinin Yaya, wanda ya fito tun safe daga ɗaya teburin, ba wanda ya waiwaye shi. Ƙwayoyin daskarewa sun ninka na mai lafiya har sau huɗu. Baba ya cire tabarau ya mayar.

"An ba shi magani?"

"Sau biyu."

A shekarun da ta yi tare da shi ba ta taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ran nan. Ya sauka ɗakin ajiya da kansa, ya fito da kore a hannu, ya haura hawa uku yana haki, ita tana biye. Suka tarar da Yaya ya jiƙe da gumi, yana cewa ƙafafunsa sun yi nauyi, ƙirjinsa kuma kamar ana kaɗa ganga a ciki. Baba ya ce wa nas a tsayar da ruwan nan take, a kira likita. Ya ɗebi jinin ya miƙa mata.

"Je ki juya. Yau kam ki yi gudun naki."

Minti goma sha biyu ya ɗauke ta. Fotashiyam biyu da ɗigo biyu. Wato tun safe gishirin bai hau ba, gudawar nan ma ta riga ta rage shi, su kuma suka yi ta sauke abin da ba shi da yawa har ya kusa ƙarewa. Ta tsaya da takardar a hannu. Sai ta ji ƙararrawar gaggawa daga sama, da takun mutane suna gudu a matakala.

Kafin ta isa an ja labule a kewaye da gadon. Ta tsaya a waje tana jin likita yana ƙirga dannawar ƙirji, tana jin matar Yaya tana salati a ƙasa-ƙasa. Zuciyarsa ta tsaya. Suka yi ta fama, suka ja masa wutar na'ura har sau biyu, da ƙyar ta dawo. Amma mintunan da ta yi a tsaye sun yi yawa, ƙwaƙwalwa ta ji jiki.

Ya rayu. Wata biyu ya ƙara a asibiti maimakon rabin yini. Hankalinsa ya dawo, ya gane kowa, maganarsa ma ta dawo ko da yake a hankali take fita. Sai dai hannuwansa. In suna ajiye a cinya lafiya lau suke, amma da zarar ya yi niyyar kama wani abu sai su ɗauki fizga. Cokali ya gagare shi, balle ƙusa.

Asibiti ya kafa kwamiti. Likita ya kawo fayil, ga rubutunsa: ɗakin gwaji ya tabbatar. Aka tambaye ta ko ita ta faɗi haka, ta ce ita ce. Aka tambaye ta ko ta san dokar da ke manne a bango, ta ce ta sani. Ba ta kare kanta ba, don babu abin karewa. Aka sallame ta daga aiki. Ranar da ta zo kwashe kayanta Baba bai yi mata faɗa ba, ya dai raka ta har bakin ƙofa ya ce, "Hannunki ya fi nawa kyau, 'yata. Na so in bar miki ɗakin nan." Wannan ya fi mata zafi fiye da zagi.

Matar Yaya ta ji gaskiya daga bakin nas-nas, tun daga ranar nan gaisuwarta da Walƙiya ta koma "sannu" da "yauwa". Amma ba ta gaya wa mijinta ba, ta ce bai da ƙarfin ɗauka. Mahaifiyarsu kuwa, Inna, tsohuwa ce mai hawan jini, abin da ta sani shi ne Auta ce ta gano ciwon ɗanta da wuri, ta kuma bar aiki don ta yi jinyarsa.

Walƙiya ta kasa ci ta kasa zama. Kullum tana gidan Yaya, ta yi wanki, ta yi shara, ta ba shi abinci a baki, ta fita tsakar gida ta dawo ba ta san me ta je yi ba. Duk lokacin da ya ce mata "sannu, Auta" sai ta ji kamar an soka mata allura. Wata rana da yamma, bayan wani abokin sana'arsa ya zo ya kwashe kayan aikinsa a mota don kada su yi tsatsa, ta same shi zaune a kujera a bakin ƙofa yana kallon hanyar da motar ta bi. Ta durƙusa a gabansa ta gaya masa komai, tun daga jar kwalba har kalmar da ta faɗa wa likita. Ba ta rage ba, ba ta yi wa kanta kwalliya ba.

Ya saurare ta har ƙarshe.

"Wato ba ni da ciwon ke nan tun farko."

"Ba ka da shi, Yaya."

Ya yi ƙoƙarin ɗora hannu a kanta kamar yadda yake yi tun tana ƙarama. Hannun ya fizge ya bugi hannun kujera. Ya mayar da shi cinya.

"Na yafe miki. In ban yafe miki ba wa zan yafe wa?" Ya numfasa. "Amma abu ɗaya zan roƙe ki. Kada Inna ta ji. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ki bar ta da abin da ta sani."

Ta yi masa alkawari, kuma ta cika. Shi ya sa har yau, duk baƙon da ya zo duba Yaya, sai Inna ta kamo hannun Walƙiya ta zaunar da ita kusa da ita, ta ce, "Kun ga wannan? Ba don ita ba da yanzu ba ni da ɗa. Ita ta cece shi." Baƙi su yi ta sa albarka. Yaya yana gefe hannuwansa a cinya, matarsa ta sunkuyar da kai tana tsintar zare a zaninta. Walƙiya kuwa dole ta zauna har Inna ta gama, ta ce amin.

Darasin wannan labari a fili yake. Ƙwarewa ba ta maye gurbin haƙuri, kuma dokar da waɗanda suka riga mu a aiki suka kafa ba don su ɓata mana lokaci suka kafa ta ba, wani abu suka gani. Lokacin da tsoro ya fi matsa mana mu yi sauri, lokacin ne muka fi bukatar mu tsaya mu tabbatar. Kada mutum ya ce "na tabbatar" a kan abin da bai tabbatar ba, ko da niyyarsa alheri ce, domin waɗanda suka yarda da shi a kan maganarsa za su yi aiki. Gaggawa ba ta tsayawa a kan mai ita kaɗai, sau da yawa wanda muka fi so shi take fara kayarwa. Jiran ɗan lokaci yana da ɗaci, amma yana wucewa. Da-na-sani kuwa zama take yi da mutum har ƙarshen rayuwarsa.